Tuƙi a Lokacin Damina

Jama'a, ruwan farko da manomi ke murna da shi, shi ne mafi haɗari ga mai tuƙi. Duk tsawon rani kwalta tana shan baƙin mai da gas da ke ɗiga daga manyan motoci, ga ƙurar hunturu ta kwanta a kai. Da yayyafi ya sauka sai su kwaɓe, hanya ta yi santsi, direba kuwa yana cewa ai ruwan bai taka kara ya karya ba.

Ku sani, wurin da kowace taya take taɓa ƙasa bai wuce faɗin tafin hannu ba. Zanen jikinta kuma ba ado ba ne, ta nan ruwa ke tsiyayewa. In zanen ya suɗe, ko gudu ya yi yawa, sai ruwa ya shiga tsakanin taya da kwalta. Nan za ka ji sitiyari ya yi sakayau, ka murɗa mota ta ƙi bi. Kada ka danna birki da ƙarfi. Ɗaga ƙafa daga totur, ka riƙe sitiyari sosai har taya ta sake kama ƙasa.

Tun kafin marka ta kankama, je wurin mai faci ya duba maka. Zanen da zurfinsa bai kai milimita 1.6 ba ya gama aiki. Duba kuma lambobi huɗun da ke gefen taya: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019 aka yi ta. Da yawa daga tayoyin gwanjo sun tsufa tun kafin su iso kasuwa, arharsu ba riba ba ce.

A jiƙaƙƙiyar hanya birki kan ci ninki biyu na tazarar da ya saba, don haka ja baya daga motar gabanka. Kunna fitila ko da rana ce, ka sauya robar wayfa da zafin bazara ya busar. In ruwa ya shafe kwalbati, tsaya. Ba ka san ramin da ke ƙasa ba, kuma ruwa mai gudu da ya kai santimita 30 yana iya ɗaga ƙaramar mota.

Ku kuma fasinjoji, ku daina yi wa direba shiru don kada a ce kun cika tsoro. Yana sauri ne ya koma tasha ya sake lodi, rayukanku ne a hannunsa. Ku ce masa ya rage gudu. In an yi haɗari, ku kira Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a lamba 122.