CIWON GAƁOƁIN HANNU DA AIKIN SASSAƘA

Jama'a, a ƙauyukanmu akwai manoma da yawa waɗanda in an gama kaka su kan ɗauki gizago su shiga sassaƙa. Wani don sha'awa ya ke yi, wani don ya sami kuɗin cefane. Su ke yi mana turmi da taɓarya, da akushi, da muciya, da ƙotar fartanya, da allon yara. Amma in shekaru sun ja, sai yatsu su fara ciwo. Daga nan wani ya rataye gizago, wani kuwa ya ci gaba da aiki kamar dā har hannun ya lalace. Duka biyu kuskure ne. Abin da ya kamata shi ne mutum ya ci gaba da sassaƙa, amma ya sake yadda ya ke yinta.

1. Yadda hannu ya ke

A hannu ɗaya akwai ƙasusuwa 27: guda 8 a wuyan hannu, 5 a tafi, 14 a yatsu. Inda ƙashi ya haɗu da ƙashi shi a ke kira gaɓa. A bakin kowane ƙashi akwai guringuntsi mai santsi, wanda ke hana su gogar juna. In guringuntsin ya zaizaye, sai gaɓa ta yi ciwo, ta ƙage, wani lokaci ta yi ƙulli. Shi ne abin da mutane ke kira sanyin ƙashi ko amosanin gaɓoɓi. Ba sammu ba ne, ba kuma jifa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 1990 zuwa 2019 masu wannan ciwo sun ninka, har suka kai wajen miliyan 528.

2. Ciwon iri biyu ne

Na farko shi ne na zaizayar guringuntsi. Ya fi kama wanda ya wuce shekara 45, ya kuma fi yawa ga mata. Ya kan kama gaɓar da ke kusa da farce, da gindin babban yatsa. Da safe hannu ya kan ƙage, amma kafin rabin awa ya saki.

Na biyu ya fi muni. A nan garkuwar jiki ce da kanta ke yaƙar gaɓoɓi. Ba ya zaɓen tsoho ko saurayi. Ya kan kama hannun dama da na hagu tare, wuyan hannu da gindin yatsu su kumbura, su yi ɗumi, ƙagewar safe ta kai awa guda ko fiye, ga kasala. Wannan yana da magani wanda likita kaɗai ke bayarwa. In an fara shi cikin watannin farko, ya kan hana yatsu karkacewa. Ice tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

3. Kafin a fara aiki

Kada a fita sassaƙa da sanyin asuba, balle da hunturu. A bari sai hantsi ya ɗaga. A sami ruwan ɗumi a kwano, wanda ba zai ƙona fata ba, a tsoma hannu minti 10. Sa'an nan a motsa yatsu kamar haka:

(a) A dunƙule hannu a hankali, a buɗe. Sau 10.
(b) A taɓa kan kowane yatsa da babban yatsa, ɗaya bayan ɗaya.
(c) A shimfiɗa tafi a kan allo, a ware yatsu, a haɗa su.

A riƙa yin wannan kullum, ko ran da ba a aiki. Gaɓar da ba ta motsi ita ke ƙagewa, naman da ke riƙe da ita kuma ya yi rauni.

4. Kayan aiki

Ƙota siririya ita ke wahal da yatsu, domin sai an matse ta ƙwarai. A naɗe ƙotar gizago da ta wuƙa da tsumma, ko da robar cikin tayar keke, har ta cika hannu. In gizago ya yi nauyi, a sa maƙeri ya ƙera ƙarami.

A wasa baki kafin aiki, a kuma wasa a tsakiyar aiki. Gizago mai kaifi sara ɗaya ya ishe shi inda dakusasshe zai yi uku, kowane sara kuwa gaɓa ce ke jinsa. Dakusasshen baki kuma shi ke zamewa ya sari mutum.

Kada a riƙe ice da yatsun hagu ana sara da dama. A kafa turaku biyu a ƙasa a maƙale icen a tsakani, ko a ɗaure shi da igiya a jikin gungume. Ta haka hannu biyu za su raba nauyin gizago. In za a ɗauki gungume, a rungume shi, kada a ɗauka da kan yatsu.

5. Zaɓen ice da rabon aiki

Ɗanyen ice ya fi busasshe taushi, saboda haka a yi babban sara tun bai bushe ba. Ƙirya da marke suna da tauri ƙwarai. Mai ciwon hannu ya bar wa samari saran gungume da raraken turmi. Shi kuwa ya ɗauki ƙananan ayyuka, kamar muciya da allo da 'yar kujera, da kankara da zanen ado. Wannan ba faɗuwa ba ce. Yaro na da ƙarfi, dattijo na da ido. In suka zauna tare, aiki ya yi kyau, yaro kuma ya gaji sana'a.

A riƙa hutawa bayan kowane minti 20 ko 30. A ajiye gizago, a miƙe yatsu, a sake wani aikin dabam. Ga ma'aunin da kowa zai riƙe: in ciwo ya wuce awa 2 bayan an tashi daga aiki, to an yi da yawa, gobe sai a rage. Ran da gaɓa ta kumbura ta yi zafi, a huta, a jiƙa tsumma da ruwan randa a ɗora. Sannu ba ta hana zuwa.

6. Magani

Har yanzu babu maganin da ke mai da guringuntsin da ya zaizaye, amma akwai mai rage ciwo. A asibiti a kan fara ba da na shafawa, irin su dikulofenak, domin bai cika taɓa ciki ba. Akwai kuma farasitamol. Babban mutum kada ya sha fiye da ƙwaya 2 a lokaci guda, ko fiye da 8 a kwana guda. Ibufurofen da dikulofenak na sha suna iya jawo gyambon ciki, su kuma ɓata ƙoda in an daɗe ana sha. Mai hawan jini, da mai gyambon ciki, da mace mai ciki, kada su sha sai da izinin likita. In gindin babban yatsa ne ke ciwo, a tambayi ma'aikacin asibiti abin ɗauri da ke tallafe shi.

A guji ƙwayoyin haɗi na 'yan talla a kasuwa. Wasunsu su kan kashe ciwo nan da nan, amma daga baya su kumbura fuska, su kawo ciwon suga, su raunana ƙashi. Tiramadol kuwa yana kama jiki, yana kawo jiri. Wanda ya sha abin da ke sa barci kada ya taɓa gizago.

Shafa man kaɗanya da murza hannu a hankali ba laifi, ya kan kawo sauƙi. Amma tsaga da ƙaho da sakiya ba su kai ga guringuntsi. Gyambo kawai su ke bari, aska ɗaya ga mutane da yawa kuma tana yaɗa ciwon hanta da ƙanjamau.

7. Lokacin zuwa asibiti

A tafi ran nan, kada a kwana, in gaɓa ɗaya ta kumbura farat ɗaya, ta yi zafi, ga zazzaɓi, ko in sara ya kai gaɓa. A tambayi allurar rigakafin tetanus. A tafi cikin mako in kumburi ya kama hannu biyu, ko yatsu sun mutu ba a jinsu, ko abu na suɓucewa daga hannu.

Ku mutanen gida, ku taimaka. Uwargida ta ɗora ruwan ɗumi da safe, yara su ɗauko ice. Irin wannan taimako ita ma ya kamata a yi mata in hannunta na ciwo wajen daka da wanki.

Tambayoyi

1. Ƙasusuwa nawa ne a hannu ɗaya?
2. Yaya za a bambanta ciwon nan iri biyu?
3. Don me a ke naɗe ƙota da tsumma?
4. In ciwo ya wuce awa 2 bayan aiki, me ya kamata a yi?
5. Waɗanne alamu ne ke sa a tafi asibiti ba tare da an kwana ba?

Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabtansa. Allah ya ba mu lafiya, amin.