Ɗaukar Kaya da Ciwon Baya

A cikin ekklesiyoyinmu akwai 'yan dako da leburori da manoma da yawa, da mata masu ɗiban ruwa. Darasin wannan wata nasu ne, da na masu ba su aiki kuma.

Bari mu fara duba yadda bayan mutum ya ke. Ƙashin baya ba sanda guda ba ce, ƙananan ƙasusuwa ne 33 a jere. Tsakanin waɗanda ke motsi akwai faifan guringuntsi mai taushi a ciki, kamar gammo. Guda biyar na kwankwaso su ne su ke shan yawancin wahala. Sa'ad da mutum ya sunkuya da kaya, ya kuma murɗa jikinsa, tsoka ta kan yage, wani lokaci kuma faifan nan ya kan ɓullo ya danne jijiya, zafin ya sauka har ƙafa.

Abin da mutane da yawa ba su gane ba ke nan: ba nauyin kaya kaɗai ke ɓata baya ba, nisansa daga jiki ma yana ɓatawa. Ka cika bokiti da ruwa ka riƙe shi kusa da cinyarka. To, yanzu miƙa hannu da shi. Ruwan bai ƙaru ba, amma bayanka ya shaida. Domin wannan ka matso kusa da kayan, ka ware ƙafafu, ka lanƙwasa gwiwoyi, ka tashi a hankali ba da fizga ba. In za ka juya, juya da ƙafafunka.

Na ga wannan da idona ran da mu ke ginin ɗakin sujada. Wani saurayi ya yini yana sauke siminti, buhu mai kilo 50. Da la'asar, bayan ya gaji, ya miƙa ya jawo buhu daga cikin mota yana juyawa, sai ya durƙusa. Damina guda bai riƙe fartanya ba. Laifinmu ne mu dattawa, gama muna tsaye muna yabon ƙarfinsa, ga baro a ajiye.

Nawa ne ya yi yawa? A 1967 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ba da shawara kada namiji baligi ya ɗauki fiye da kilo 55 shi kaɗai. A 1991 masu binciken lafiyar ma'aikata a Amurka suka sa kilo 23, shi ma in kayan yana kusa da jiki, ba kuwa a kai a kai ba. Ku gwada wannan da buhun masara mai kilo 100 da a ke ɗora wa mutum ɗaya a kasuwa. Koya wa ɗan dako tsugunnawa ba za ta rage buhun nan ba. Mai kaya shi ne zai raba shi biyu, ko ya kawo amalanke, ko ya biya mutum biyu. Ɗamarar da waɗansu ke ɗaurawa kuwa, bincike bai nuna tana hana rauni ba.

Wanda ya riga ya ji ciwo, kada ya yanke ƙauna. Yawancin ciwon baya ya kan yi sauƙi cikin 'yan makonni, tafiya kaɗan kaɗan kuma ta fi kwanciya dukan yini. Amma idan ƙafa ta yi sanyi ba ƙarfi, ko tsakanin cinyoyi ya mutu, ko fitsari da bayan gida sun ƙi riƙuwa, kada a tsaya wajen mai ɗori ko mai tausa. A kai shi asibiti a ranar.