FILIN SANA'A: Yadda Ake Fid da Karce Daga Fentin Mota da Hannu

Da yawa daga cikinmu a Nima, Sabon Zongo da Aboabo suna cin abinci ne a wajen wankin mota, wasu kuma suna koyon aiki a Suame Magazine ta Kumasi. Darasinmu na wannan fitowa a kan abin da mai mota yakan tambaya ne kullum: "Za ka iya fid da wannan karcen?" Ana iyawa, ko babu inji. Amma wanda bai san abin da yake gogewa ba, sai garin neman gira ya rasa ido.

Fentin mota hawa-hawa ne

A kan ƙarfen mota akwai firaima, wato fentin share fage mai hana tsatsa. A kansa akwai fenti mai launi. A can sama kuma akwai wani ruwan fenti marar launi mai sheƙi, wanda masu fenti ke kira kiliya. Tun daga shekarun 1980 yawancin motoci da haka suke fitowa daga kamfani. Kaurin dukan hawan nan bai cika wuce maikiron 100 zuwa 150 ba, kiliya kuwa kamar 35 zuwa 50 ne kawai. Takardar da kake karantawa yanzu ta ninka shi kauri.

To, ga abin da ya wajaba ka riƙe. Man goge fenti ba ya cike karce. Yana ɗauke da ƙananan ƙwayoyi masu kaifi, su ne ke cinye kiliyan da ke kewaye da karcen har wurin ya daidaita da gindinsa. Ke nan duk gugar da ka yi, fenti ka rage, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Kiliya shi ne ke kare launi daga zafin rana, shi ya sa masu sanin aikin ke shawartar kada a cinye fiye da kashi ɗaya cikin huɗu nasa.

Daga ina saƙar gizo take zuwa?

Idan rana ta haska baƙar mota, za ka ga wasu siraran zane-zane sun kewaye hasken kamar saƙar gizo. Ba da'ira ba ne a gaskiya. Dubban ƙananan karce ne da suka nufi kowace fuska, hasken ne ke nuna su a zagaye. Mafi yawansu hannun mai wanki ne ya yi su. Ƙurar hunturu da ke sauko mana daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na Chadi, tsakanin Disamba da Fabrairu, tana ɗauke da ƙwayoyin yashi da suka fi fenti tauri nesa ba kusa ba. Direban da ke share ƙurar nan da busasshen tsumma kowace safiya, sanfefa yake goga wa motarsa bai sani ba.

Auna zurfin karce tukuna

Bayan ka wanke wurin, yi waɗannan gwaje-gwaje uku:

1. Gwajin farce. Ja farcenka a hankali ka ƙetare karcen. In bai maƙale ba, aikin hannu zai fid da shi. In ya maƙale, ya yi zurfi. Iyakar abin da za ka iya shi ne ka rage masa fitowa.

2. Gwajin ruwa. Zuba ruwa a kai. In karcen ya ɓace sa'ad da yake jiƙe, a cikin kiliya yake. In ka ga toka-toka ko fari ko ƙarfe a gindinsa, ya wuce launi. Wannan aikin mai fenti ne, kuma a gaggauta kafin tsatsa ta kama.

3. Gwajin farin tsumma. Goga ɗan man goge a wani ɓoyayyen wuri. In launin motar ya fito a tsumman, babu kiliya a kanta. Ana yawan samun haka a tsofaffin motoci da waɗanda aka sake fesawa da araha, kamar wasu tasi da tro-tro. Ana goge su, amma da sassauci.

Wani lokaci kuma abin da ake zato karce ne, fentin wata motar ne ya manne a sama bayan an gogi juna a go-sulo. Wannan ya fi kome sauƙin fita.

Kayan aiki

Bokiti biyu, sabulun wankin mota, tsummokin maikirofaiba masu tsabta, soson shafa mai laushi, tef na takarda, tocila mai haske, da mai iri uku: kwamfawun mai kaushi, folish mai laushi, da kakin sheƙi. Sunayen da aka sani sun haɗa da T-Cut, Meguiar's, 3M da Turtle Wax. Karanta jikin kwalbar ka tabbata an ce ana iya aiki da shi da hannu.

Yadda ake yi

Na farko, kai motar inuwa, ka bari jikinta ya huce. A kan ƙarfe mai zafi mai yakan bushe kafin ya yi aiki.

Na biyu, watsa ruwa ka kore ƙura kafin hannunka ya taɓa fenti. Bokiti ɗaya na sabulu, ɗaya na ɗauraye tsumma. Fara daga sama, ƙasa ta zo ƙarshe. In ka shafa bayan wanki ka ji tsakuwa-tsakuwa, bi wurin da yumɓun goge fenti tare da ruwan sabulu mai yawa.

Na uku, manna tef a kan baƙar roba da filastik, domin mai yana bar musu farin tabo.

Na huɗu, zaɓi ɗan wuri kamar santimita 30 a tsaye da kwance. Fara da folish mai laushi. Ɗiga ɗigo uku ko huɗu a soso, ka shimfiɗa yatsunka gaba ɗaya a kai. Tsinin yatsa yana barin rami-rami. Goga gaba da baya da matsakaicin ƙarfi, sa'an nan ka ƙetare, kamar minti ɗaya ko biyu, har man ya fara zama garai. Share da tsumma mai tsabta, ka haska tocila daga gefe.

Na biyar, in bayan zagaye biyu ko uku karcen bai motsa ba, sai ka hau zuwa kwamfawun. Shi yakan bar wurin da ɗan hazo, don haka dole ka sake bi da folish.

Na shida, goge wurin da barasar asibiti da aka sirka da ruwa. Tana wanke maiƙon da ke ɓoye karce, sai ka ga ainihin aikinka.

Na bakwai, shafa kaki siriri, ka bari ya yi hazo, ka share. In sabon fenti ne, a jira aƙalla wata guda, ko yadda mai fentin ya ce.

Hattara

Fenti ya fi siranta a gefen ƙofa, bakin bonet da kan kowace tanƙwara. Sassauta hannu a nan. In kana aiki a kan mota mai kiliya ka ga launi a sosonka, tsaya nan take, ka huda. Sanfefa mai lamba 2000 ko 3000 da ruwa tana aiki, amma kada ka koye ta a motar mutane. Nemi tsohuwar ƙofa a Abossey Okai ko Suame ka gwada. Man birki yana cin fenti, kada ya kusance shi. Tsumman da ya faɗi ƙasa ya gama aiki sai an wanke shi.

Gaskiya da mai mota

Kaki da kananzir da man inji duk suna ɓoye karce na 'yan kwanaki, wankin farko ko na biyu ya tona asiri. Motar mutum amana ce a hannunka. Kafin ka fara, nuna masa karcen da zai fita da wanda sai dai a rage, ku yi ciniki a kan haka. Ka kuma gaya masa cewa bonet ɗaya da hannu yana iya cin awa guda ko fiye. In ka gama, roƙe shi ya bar share ƙura a bushe. Wanda ka gaya wa gaskiya yau, shi zai kawo maka abokinsa gobe.

Allah ya sa albarka a sana'o'inmu. Wassalam.