Darasi: Hadari da Ambaliyar Ruwa

Dukanmu muna murna sa'ad da damina ta faɗi, gama da ruwa ne muke samun abinci. Amma ruwan da yake rayar da gona, shi ne kuma yakan cinye ta idan ya wuce kima. Saboda haka ya kamata mu san irin haɗarin da yake tattare da shi.

Ire-irensa

Na fari shi ne hadari mai iska, wanda ya fi yawa a farkon damina da ƙarshenta. Yakan taso daga gabas da ƙura da tsawa, wani lokaci har da ƙanƙara, ya yaye rufin ɗakuna, ya tumɓuke itatuwa. Na biyu, ambaliya ta farat ɗaya, wadda takan auku idan ruwa mai yawa ya zuba cikin 'yan sa'o'i, kamar yadda ya faru a Mokwa a watan Mayu na 2025, inda mutane fiye da 150 suka rasu. Na uku, cikar kogi, wadda takan zo sannu a hankali wajen watan Satumba da Oktoba, sa'ad da Kwara da Binuwai suka tumbatsa.

Abin da yake kawo shi

Zafin rana yakan ɗaga tururin ruwa sama, can ya huce ya zama gajimare. Masana sun nuna cewa idan zafin iska ya ƙaru da digiri 1, tururin da take iya ɗauka yakan ƙaru da wajen kashi 7 cikin 100. Tun da duniya tana ƙara ɗumi saboda hayaƙin mai da gawayi, ruwan da a dā yakan zo kaɗan-kaɗan yanzu yakan zuba a lokaci guda.

Amma ruwa ba ya tsami banza. Mu ma muna da hannu a ciki. Mun sare itatuwan da saiwoyinsu suke riƙe ƙasa, mun yi gini a kan hanyar ruwa, mun toshe magudanai da shara da leda. Madatsun ruwa kuma suna da nasu rabo. Idan madatsar Lagdo ta ƙasar Kamaru ta cika, dole a saki ruwa, shi kuwa yakan bi Binuwai ta Yola da Makurɗi har Lakwaja. Madatsar Bagauda ta Kano ta ɓalle a 1988, ta Alau kuma a watan Satumba na 2024, ruwa ya mamaye babban sashe na Maiduguri.

Ɓarnar da yake yi

A 2012 ambaliya ta kashe mutum 363 a Nijeriya, ta raba fiye da miliyan 2 da gidajensu. A 2022 waɗanda suka rasu sun haura 600. Wahala kuwa ba ta ƙarewa da janyewar ruwa. Ƙazanta takan shiga rijiyoyi, sai amai da gudawa su ɓarke. Sauro ya yawaita a kududdufai. Hatsi ya yi tsada domin gonaki da rumbuna sun lalace. Matalauta ne suka fi shan wuya, gama su ne suke zaune a bakin rafi cikin ɗakunan ƙasa.

Abin da za mu yi

Idan gemun ɗan'uwanmu ya kama wuta, sai mu shafa wa namu ruwa. Mu yashe magudanai kafin ruwan fari, mu dasa itatuwa, mu saurari gargaɗin hukumar NiMet a rediyo. Kada mu fake ƙarƙashin itace lokacin tsawa, kada kuma mu ratsa ruwa mai gudu. Bayan ambaliya, mu tafasa ruwan sha.

Tambayoyi domin nazari

1. Ina ne ruwa yakan bi a unguwarmu, me kuma ya tare masa hanya?
2. Idan aka yi gargaɗi da dare, wane tudu za mu nufa, wa zai ɗauko tsofaffi da marasa lafiya?