Darasi: Kayan gyaran birkin moto da ake haɗawa a gida

Yau babu kasuwar ƙauye da moto ba ya zuwa. Shi ke kai buhun gero Maradi, shi ke kai mara lafiya likita a Damagaram ko Tawa. Amma moto mara birki ajali ne. Garajin kirki kuwa yana birni, nesa da ƙauye. Shi ya sa ya kamata mai moto ya san abin da zai iya gyarawa da hannunsa, ya san kuma abin da bai kamata ya taɓa ba.

Birki iri nawa ne?

Yawancin motocin karkara suna da birkin waya ko na sanda. Waɗansu suna da birkin mai: idan aka matsa hannu, mai ya bi ta tiyo, ya tura wani ƙarfe mai kama da awartaki, awartakin ya damƙe faifan da ke jikin ƙafa. Cikin masu birkin mai, akwai masu ƙarin wata na'ura da ake kira ABS.

Aikin ABS shi ne hana ƙafa ta ƙage. Kusa da faifai akwai zobe mai haƙora. Gaban zoben akwai ɗan ido mai waya, yana ƙirga haƙoran da ke wucewa. Idan ƙafa za ta tsaya cak alhali moto yana gudu, sai idon ya sanar da wani akwati. Akwatin ya sassauta birki, ya sake kamawa, sau da yawa cikin daƙiƙa guda. Mai tuƙi zai ji hannun birki yana rawa. Wannan ba lalacewa ba ce, aiki ne. Sai dai a sani: cikin rairayi mai laushi, ABS na iya ƙara nisan tsayawa. A rage gudu.

Kamfanin BMW na Jamus ne ya fara sa ABS ga moto a 1988. Ƙasashen Tarayyar Turai sun wajabta shi ga sababbin samfuran manyan motoci masu ƙafa biyu tun 2016. Indiya, wadda ke sayar ma Afirka moto da yawa, ta wajabta shi a 2019 ga waɗanda injinsu ya wuce cc 125.

Me ya sa ake sake mai?

Man birki yana shan ruwa daga iska, ko da tanki a rufe yake. Sabon mai irin DOT 4 ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 230. Idan ya sha ruwa, yana iya tafasa wajen digiri 155. Mai da ya tafasa ya zama tururi, tururi kuwa ba ya tura ƙarfe. Mutum ya matsa hannu har ƙarshe, moto bai tsaya ba. Ruwan kuma yana sa tsatsa cikin akwatin ABS, akwatin ko da tsada. Saboda haka a sake mai kowace shekara 2.

Kayan aiki guda 4

1. Kwalba da tiyo. A samu kwalbar roba mai haske, a wanke ta, ta bushe sarai. A huda murfinta wuri biyu: ɗaya na tiyo, ɗaya ƙarami na fitar iska. A zura tiyo mai haske, tsawon kamu guda, har gindin kwalba. A zuba ɗan man birki ya rufe bakin tiyon. Wannan mai shi ke hana iska komawa.

2. Sirinji sabo daga kantin magani, ba allura. Kada a tsinci wanda aka yi aiki da shi a likita, yana ɗauke da cuta.

3. Ɗan itace mai faɗi, a sassaƙe shi kamar bakin gatari. Da shi ake buɗa takalman birki a hankali. Ƙarfe yana karce su.

4. Tsohon buroshin haƙori da tsumma mai tsabta.

Abin da za a saya shi ne kile daidai wurin, galibi mai lamba 8, da man birki cikin gwangwani rufaffe. A karanta murfin tanki: an rubuta irin man a kai, DOT 3 ko DOT 4. Nan ma karatu ya yi rana.

Yadda ake aikin

Mutum biyu sun fi ɗaya. A zaɓi wuri mai inuwa, ranar da babu iska da ƙura. A kashe moto, a zare makulli.

1. A goge ɗan tankin da ke bisa hannun birki kafin a buɗe shi.
2. A zuƙe tsohon mai da sirinji, amma a bar kaɗan ya rufe ramin ƙasa. A cika da sabo.
3. Jikin awartaki akwai ɗan ƙarfe mai huda, kamar hanci, da hular roba. A cire hular, a sa kile, a cusa tiyo.
4. Na farko ya matsa hannun birki, ya riƙe.
5. Na biyu ya kwance hancin kaɗan. Baƙin mai zai gangara kwalba. Ya ɗaure.
6. Sai bayan an ɗaure, na farko zai saki hannu.
7. A maimaita har mai ya fito fes, babu kumfa cikin tiyo.

Ga babban gargaɗi: kada tanki ya ƙafe. Bayan kowane matsi uku a leƙa, a ƙara mai. Idan tanki ya ƙafe, iska za ta shiga akwatin ABS. Ga motoci da yawa, kwalba da tiyo ba su iya fid da wannan iska. Sai bakanike mai na'urar da ake jonawa da moto.

Idan fitila ta ƙi mutuwa

Fitilar ABS tana kamawa idan an murɗa makulli, ta mutu bayan moto ya fara tafiya. Idan ta ƙi mutuwa, ABS ya daina aiki, ko da birki yana kamawa. A goge zobe da buroshi. A duba ko haƙori ya lanƙwashe. A share bakin ido da tsumma, domin laka da garin ƙarfe suna manne masa. A bi waya, a ga ko ƙaya ta yanke ta. A duba batir. Idan duk wannan bai yi ba, a kai garaji.

Abubuwan da aka hana

Kada a buɗe akwatin ABS. Kada a zuba man inji ko man gyaɗa: suna kumbura robobin ciki, birki ya mutu. Kada a gauraya DOT 5 da sauran. Kada a maida tsohon mai. Idan mai ya zuba ga fenti, a wanke da ruwa nan take, yana cin fenti. Idan ya taɓa takalman birki, a sake su. Man birki guba ne: a ɓoye kwalbar ga yara, kada a zubar da shi kusa da rijiya.

In an gama, a matsa hannu. Idan ya yi tauri, a gwada a fili, sannu sannu, ba tare da fasinja ba. Idan yana da laushi kamar soso, da sauran iska. Wannan moto bai hau hanya ba tukuna.

Tambayoyi

1. Mene ne aikin ABS?
2. Me ya sa ake zuba mai a gindin kwalba?
3. Wa ke fara aiki: mai ɗaure hanci ko mai sakin hannu?
4. An sake mai a 2024. Wace shekara za a sake kuma?
5. Kowa ya duba murfin tankin wani moto mai birkin mai, ya rubuta abin da ya karanta, ya kawo cibiya.