Darasin Uwargida: Haɗa Firinta Da Rautar Gida

Darasinmu na wannan fitowa kan na'urar buga takardu ne, wato firinta, da yadda za ki haɗa ta da rautar da ke ba gidanki Wi-Fi. Idan an haɗa su, wayarki da ta maigida da kwamfutar yara duk za su iya tura mata aiki daga kowane ɗaki, ba sai an jona kebul ba.

Wata za ta ce, "To Malama, ga shagon kwamfuta a bakin layi, meye na wahala?" 'Yar'uwa, duba irin takardun da muke aika yaro da su: takardar NIN, bayanan banki, sakamakon asibiti, takardar jarrabawar JAMB. Sau da yawa akan sauke su a kwamfutar shagon, a buga, a manta ba a goge ba. Duk wanda ya zauna bayanki zai iya buɗewa. Sakamakon awon ciki fa ba abin da za a bari a kasuwa ba ne.

Da farko ki tabbata firintarki tana da Wi-Fi. Za ki ga alamarsa a jikinta ko a kwalinta. Ki ajiye ta kusa da rauta, domin bangon bulo yana rage ƙarfin sigina sosai. Idan tana da ɗan allo, shiga wajen saitin Wi-Fi, zaɓi sunan rautarku, rubuta kalmar sirri. A kula da manya da ƙananan baƙaƙe, nan mutane suka fi yin tuntuɓe. Idan ba ta da allo, nemi maɓallin da aka rubuta WPS a jikin rauta, ki danna, sannan ki danna na firinta kafin minti 2 su cika. Ba kowace rauta ke da shi ba. Idan babu, sai ki sauke manhajar kamfanin firintar a wayarki, ita za ta ja ki har ƙarshe.

Ga wani abu da ke ɗaure wa mutane kai. Rautocin zamani suna watsa Wi-Fi kan zango biyu, 2.4 GHz da 5 GHz, amma firintoci masu araha da yawa na farkon kaɗai suke ji. Sai ki yi ta nema sunan gidanku bai fito ba, ki zaci na'urar ta lalace. Lafiyarta ƙalau, a kunna mata 2.4 kawai. Haka nan kada ki sa ta a Wi-Fi na baƙi, domin galibi an yi shi ne don na'urorin da ke kansa kada su ga juna.

Ɓangaren waya da sauƙi. Masu iPhone suna da AirPrint tun 2010, Android kuwa daga na 8 da ya fito a 2017 yana zuwa da nasa tsarin bugawa. Buɗe takardar, zaɓi bugawa, sunan firinta zai fito, matuƙar ita da wayar suna kan rauta ɗaya. Idan wani ya ce miki a yi amfani da Google Cloud Print, tsohon labari ne, an rufe shi a ƙarshen 2020. Kuma ki kwantar da hankalinki game da data: takardar da ke cikin wayarki daga waya take bi ta rauta zuwa firinta, ba ta fita intanet. Ko data ta ƙare za ki buga.

Yanzu ga babbar matsalar irin gidajenmu. Rauta tana ba kowace na'ura lamba, kamar 192.168.1.5, ita ce adireshinta a cikin gida. Da an ɗauke wuta an dawo da ita, rautar na iya raba lambobin daban da na jiya. Kwamfuta ta je tsohon adireshi ta yi sallama, shiru, sai ta ce firinta ba ta nan, alhali ga ta a kunne. A wurin da ake ɗauke wuta sau uku a yini, kin ga abin zai ishe ki. Maganinsa sau ɗaya ake yi. Duba bayan rauta, akwai adireshinta da kalmar shiga. Rubuta adireshin a burauza, shiga sashen DHCP, ki ware wa firinta lamba ɗaya ta dindindin. Tunda kin riga kin shiga, ki canza kalmar shigar da rautar ta zo da ita, don sau tari "admin" ce, kowane yaro a unguwa ya san ta.

Sai batun wuta. Firinta mai hoda, wadda ake kira lesa, tana jan wat ɗaruruwa lokacin da take ɗumama, tana iya kayar da ƙaramar inbata ko ta sa ƙaramin janareto tari. Mai tawadar ruwa ba ta kai haka ba, 'yan gomomin wat ne. Nata aibin shi ne bushewa: idan ta daɗe a ajiye, musamman da hunturu, bakin tawadar yakan toshe. Ki riƙa buga ko shafi ɗaya duk mako, sannan ki rufe ta da ƙyalle saboda ƙura.