Darasin Fiƙihu: Hayar kanti da kuɗin buɗe ƙofa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku ƴan uwa, rigingimun haya da ake kawo wa malamai a kasuwanninmu yawancinsu tushensu guda ne: rashin rarrabewa tsakanin mallakar gini da mallakar amfaninsa. Malaman fiƙihu suna kiran ta farko milkur raƙaba, ta biyu kuwa milkul manfa'a. Wanda ya ba da kantinsa haya bai sayar da bango ko ƙasa ba, amfanin wurin ya sayar na wani lokaci sananne da kuɗi sananne. Saboda haka Ibn Abi Zaidin Alƙairawani a cikin Risala ya ɗora haya bisa hukuncin ciniki. Duk abin da ke ɓata ciniki, kamar jahiltar farashi, yana ɓata haya.

Daga wannan asali ne sauran hukunce-hukunce suke fitowa. A mazhabar Imamu Malik mutuwar mai kanti ko ta ɗan haya ba ta warware yarjejeniya, magada suna tsayawa matsayin mamaci har wa'adi ya cika. Amma idan ginin ya halaka, kamar yadda gobara ta cinye babbar kasuwar Yamai a 1982, haya ta warware, domin amfanin da aka saya ya gushe, kuma kuɗin watannin da aka biya gaba sai a mayar da su. Ɗan haya amintacce ne, ba ya biyan ɓarna sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare abin da aka yi sharaɗi.

Inda ƙafafu suka fi zamewa shi ne kuɗin da ake karɓa kafin a miƙa mabuɗi, wanda Larabawa ke ce wa badalul khuluwwi. Mas'alar tsohuwa ce. Shehu Nasiruddin Allaƙani, malamin Malikiyya na Masar, ya yi fatawa a kanta tun ƙarni na goma bayan hijira. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta zauna kanta a Jidda a 1988, ta rarraba ta. Idan mai kanti ya karɓi dunƙulen kuɗi a farko, ya halatta muddin an lissafa shi cikin kuɗin haya, ta yadda in an rabu kafin lokaci za a san abin da ya rage. Idan mai kanti ya biya ɗan haya domin ya tashi alhali wa'adinsa bai ƙare ba, shi ma ya halatta, don kuwa hakkinsa ne ya sayar. Haka idan sabon ɗan haya ya biya tsohon a cikin wa'adi, tare da kiyaye sharuɗɗan yarjejeniyar farko. Amma idan wa'adi ya ƙare ba a sabunta ba, tsohon ɗan haya ba shi da abin sayarwa. To, mutum nawa ne a yau ke karɓar jika ɗari biyar don "ya bar wa wani wuri", alhali wurin ya riga ya koma hannun mai shi?

Sai dai ba mu zaune a inda fiƙihu kaɗai ke hukunci. Nijar tana cikin ƙasashen yarjejeniyar OHADA ta 1993, kuma dokar kasuwancinta ta 1997, wadda aka sake tsarawa a 2010, ita kotu ke bi. Wannan doka ta ba ɗan hayar da ya yi sana'arsa shekara 2 a wuri, yana cika sharuɗɗa, hakkin a sabunta masa. In mai kanti ya ƙi ba da hujja karɓaɓɓiya ba, sai ya biya shi diyyar tashi. Wanda hayarsa ke da wa'adi, wajibi ne ya nemi sabuntawa a rubuce wata 3 kafin ƙarewa, in ba haka ba hakkin ya faɗi. Dokar ta hana ɗan haya ya ba wani haya sai in yarjejeniya ta yarda. Ta kuma ɗora manyan gyare-gyare a wuyan mai gini, alhali a Mukhtasar na Shehu Halilu ba a tilasta masa gyara, sai dai a ba ɗan haya zaɓin zama ko tashi idan cutar ta yi yawa.

Shin diyyar tashi halas ce? Abin da muke rinjayarwa shi ne, idan su biyun sun ƙulla haya suna sane da dokar, to ta zama kamar sharaɗi a tsakaninsu, kuma Suratul Ma'ida da umurnin cika alkawari ta fara. Amma dattijon da ya ba da kantinsa da fatar baki, bai taɓa jin labarin OHADA ba, ba mu ganin ya dace ɗan haya ya kai shi kotu don ya ci abin da zuciyarsa ba ta bayar ba. A nan sulhu ya fi, gaban sarkin kasuwa da shaidu biyu, a rubuta wa'adi da kuɗi da wanda gyaran rufi ke kansa, kowa ya riƙe takardarsa.